A Makon Marka, Ƙirga Kwanaki Shi Ne Farkon Kariya

Duk wanda ya yi damina a yammacin Zamfara ya san irin makon da rana ke ɓuya. Ruwa ya sauko da asuba, ya ɗauke da hantsi, kafin la'asar gabas ta sake haɗowa. Itacen girki ya jiƙe, shanya ta ƙi bushewa, gindin katanga ya yi duhu kamar an shafa masa mai. Marka ke nan, kuma a watan Agusta ta fi kamawa. Kuskuren da ake yawan yi a irin wannan mako shi ne auna haɗari da ƙarfin ruwan da ke zuba a lokacin: in ya zo da tsawa da iska a tsorata, in yayyafi ne a ja mayafi a kwanta. Alhali abin da ya kamata magidanci ya riƙa ƙirgawa shi ne kwanaki. Ruwan da ya sauka kan busasshiyar ƙasa daban yake da wanda ya tarar da ita ta ƙoshi, ko da yawansu ɗaya. Saboda haka shawarar da zan kafa komai a kanta ita ce, da zarar an jera kwana biyu ana ruwa, a ɗauka cewa ruwa na gaba shi ne mai ɓarna, a yi duk abin da za a yi da rana, a ɗan tsakanin da sama ta ɗauke.

Mutanen Gummi ba sa bukatar a je da su nesa neman hujja. A tsakiyar Agustan 2024 ambaliya ta shiga garin, kuma alƙaluman da aka gabatar wa Gwamna Dauda Lawal da ya je jaje sun nuna ta shafi magidanta sama da 10,000. Ba a gama share hawayen wannan ba, ranar Asabar 14 ga Satumba kwalekwale ɗauke da mutum kusan 70, galibinsu masu tafiya gona a ƙetaren gulbi, ya kife, gomman rayuka suka salwanta. Wata guda ne tsakanin masifun biyu. Ta farko a gida ta sami mutane, ta biyu a hanyar neman abinci, amma tushensu ɗaya: ruwan da ya daɗe yana taruwa har ƙasa da gulbi suka kasa ɗaukarsa.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi lita 1 ne cif. Rufin gida mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a dare ɗaya na Agusta, zai zubo da lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25. A farkon damina ƙasa kan shanye kaso mai yawa na wannan. A kwana na uku na marka ba sauran wuri a cikinta, kusan duk abin da ya sauko bin gangare zai yi. Sai kuma a duba yadda Allah ya shimfiɗa yankin. Gulbin Zamfara daga gabas yake gangarowa, ya bi ta ƙasar Anka, ya ratsa Bukkuyum, ya sauka Gummi, ya wuce Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Wajen Anka dutse na kusa da saman ƙasa, ruwa ba ya nitsewa da yawa, sai ya gudu. A yamma kuwa kwarin ya buɗe ya zama fadama, nan ruwan ke samun wurin bajewa. Shi ya sa gulbi kan iya tumbatsa a Gummi alhali garin ya wuni da rana, domin ruwan da ya cika shi a wata ƙasa ya sauka. Masu jiran su ji an ce an buɗe dam kafin su motsa su lura: madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato take. Gulbin Zamfara ruwan sama kaɗai ya ishe shi ya yi ambaliya, ba sai da sanarwar kowa ba.

A cikin wannan akwai wata dama da ba a cin moriyarta yadda ya kamata. Hadari daga gabas yake tasowa, gulbi ma daga gabas yake zuwa, ke nan mutumin Anka yana ganin abin da zai sami na Bukkuyum, na Bukkuyum yana ganin abin da zai sami na Gummi. Sarakunan ruwa da masu unguwannin garuruwan bakin gulbi su riƙe lambobin juna. A kafa turke a mashigi, a yi masa zane da fenti tazarar taƙi ɗaya-ɗaya, a sa mutum guda yana dubawa safe da yamma. In ruwa ya haye zane biyu tsakanin asuba da azahar, a buga wa na ƙasa waya, a sa mai shela, a faɗa a masallaci bayan salla. Kada a dogara da waya ita kaɗai, domin ba a manta da yadda aka rufe layukan sadarwa a jihar a Satumban 2021 ba. Rediyo mai batir da bakin liman ba sa bukatar sabis.

Yanzu mu shiga cikin gida, inda aka fi yin asarar rai ba tare da an ji labari ba. Ginin ƙasa yana da ƙarfi matuƙar kansa a rufe yake kuma ƙafarsa a bushe. Ta wuri biyu ruwa ke cinsa. Ta sama, in indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro ya ƙara wa azara nauyi. Ta ƙasa kuma, in ruwa ya tsaya a gindin bango, tubali ya riƙa tsotsarsa yana hawa sannu a hankali kamar yadda lagwani ke jan kananzir, har ƙasan ya koma taɓo alhali saman na nan da nauyinsa. Bango irin wannan ba ya bukatar guguwa, yayyafin tsakar dare ya isa ya kwantar da shi. Kafin ya faɗi yana magana: sabuwar tsaga wadda jiya babu ita, ƙofa ta fara cijewa, yaɓe na ɓamɓarowa, ƙasa na zubowa tsakanin azara, bango ya turo ciki ko ya ɗan karkata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Ɗakin da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu kada a kwana cikinsa, ko da za a cunkushe a zaure ko a ɗakin maƙwabci. Aikin da ya rage na fartanya ne da shebur: a fasa rariya, a ja ɗan lambatu ya janye ruwa daga jikin gini, a yi wa gindin katanga tudu mai gangare, a sa dutse ko fasasshen tulu inda indararo ke zuba don kada ya haƙa rami. Hatsi da taki da takardun gona da na makaranta a ɗaga su sama, takardun a naɗe a leda. Dabbobin da ke ɗaure a jikin katanga a matsar da turkensu.

Iska kuwa abin da ya kamata a sani game da ita shi ne, in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take danna abu da shi ninki huɗu yake yi. Kwano ba turo shi take yi ba, ɗaga shi take yi, ta kama shi ta baki da kusurwa. Jibga duwatsu da tsofaffin tayoyi a kansa ba ya maye gurbin ɗaure katakon rufi da jikin gini da waya mai kauri ko ƙarfe, kuma in rufin ya tashi duwatsun kan mutane za su sauko. Bishiyar da ta jure iskar Yuni tana iya faɗuwa da wadda ba ta kai ta ba a Agusta, don saiwarta a taɓo take tsaye. A sassabe reshen da ya leƙo kan ɗaki tun sama na washe. In an fara tsawa a nisanci inuwar itace da fili da bakin ruwa, in kuma wayar lantarki ta faɗi kada a taka ruwan da ke kewaye da ita.

Batun ƙetare ruwa na fi so a ɗauka da gaske, domin a nan jarumta ke kashe mutane. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. In ya kai 60 yakan tafi da yawancin motoci, balle babur. Jan ruwan ambaliya yana ɓoye ramin da ya ci a ƙarƙashin kwalbati. Game da jirgi, rahotannin da suka biyo bayan hatsarin Gummi sun nuna ɗaruruwan manoma ne ke dogara da jirage ƙalilan, kowa na son ya riga rana isa gona. Maganin da ke hannun gari shi ne a ƙayyade adadin da kowane jirgi zai ɗauka, a yi zane a jikinsa inda ruwa ba zai wuce ba, a ba sarkin ruwa cikakken ikon hana tashi ba tare da wani mai faɗa-a-ji ya tanƙwara shi ba. Rigar hana nutsewa ita ce ta fi. Inda babu, jarkar da aka rufe bakinta gam aka ɗaura mata igiya ta fi hannu banza.

Na san abin da za a ce. Mai gona a fadama zai ce shinkafa ba ta jira, wanda bai je ba tsuntsu zai cinye masa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a bar gona. Sahu biyu a madadin ɗaya sa'a guda kawai zai ci. Wani zai ce magudanan ruwa da gada aikin gwamnati ne. Wannan ma gaskiya ne, kuma haƙƙin mutanen yankin ne su ci gaba da neman manyan magudanai da jirage masu inganci da filayen gini a tudu, ta bakin sarakuna da wakilansu. Sai dai kwangila ba ta ƙarewa a mako guda, ruwan daren Laraba kuwa ba zai jira ta ba. Kwatar da leda ta toshe, da kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kansa alhali shi ne tulun unguwa, waɗannan aikin gayya na yini ɗaya yana rage sharrinsu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro. A ƙasar da fita bayan magariba ke iya zama ajali, kuma garuruwa irin Anka suka cika da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, da yawa a bukkokin leda da kangwaye, faɗin "a koma tudu" abu ne mai sauƙi a baki. Amma wannan shi ne babban dalilin yanke shawara da rana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai unguwa da liman da shugaban makaranta su tsayar da wurin fakewa a cikin gari tun kafin a bukace shi, a san mai riƙe da makulli, a san gidajen da ke da tsoho ko mai jego ko gurgu da wanda zai ɗauko kowannensu. Iyalin da suka tashi da la'asar suna tafiya da hatsinsu da awakinsu. Waɗanda suka jira ƙarfe biyun dare da kayan jikinsu kaɗai suke fita, in sun fita.

Akwai kuma masu cewa hasashen hukuma ba ya cika faɗawa daidai, kakanninsu ma a nan suka zauna ruwa bai kore su ba. Hasashen hukumar yanayi ta NiMet da taswirar ambaliya da hukumar nazarin ruwa ta NIHSA ke fitarwa duk shekara yiwuwa suke nunawa, ba alkawari ba ne. Wanda ya fake kwana uku a makaranta ruwa bai zo ba, barci kawai ya rasa. Sannan ruwan yanzu ba irin na kakanni ba ne. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa manyan hadura mafiya tsanani a yankin Sahel sun ninka uku tun daga 1982. Ambaliyar Maiduguri a Satumban 2024 da ta Mokwa a Mayun 2025 sun isa shaida cewa inda aka saba zama lafiya ba lallai ya ci gaba da zama haka ba. Wanda kuma ya ce komai ƙaddara ce, ba a musa masa. Amma Annabi Yusuf, da aka nuna masa shekarun yunwa, tanadin hatsi ya yi, kuma ba wanda ya fi shi tawakkali a zamaninsa.

Janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen makon ba. Bangon da ya sha ruwa yana iya faɗuwa yayin bushewa, don haka a bar magini ya duba kafin a mayar da yara. Rijiyar da ambaliya ta haye ta gauraya da abin da ke cikin masai. A tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin. Wanda amai da gudawa suka kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, lita 1 ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kama hanyar asibiti ana ba shi. Anka da Bukkuyum suna da ƙarin abin lura da sauran wurare ba su da shi. Gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 a garuruwa irin Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, ta kashe yara sama da 400, daga niƙa da wanke dutsen zinariya ta fito. Ruwa mai gudu yana kwasar ƙasar wuraren wankin ya zuba a tafki da kududdufi, ramukan haƙa kuma su cika su zama wurin wankan yara. Tafasawa tana kashe ƙwayar kwalara amma ba ta cire dalma. Duk tafkin da ke gangaren wurin wankin zinariya a hana sha da girki da shi, a hana yara shiga, a kewaye bakin ramukan da ƙaya tun ruwan bai kwanta ya yi kyaun gani ba.