Keke a Ƙasar Ruwanda: Daga Dakon Kaya Zuwa Fagen Tsere

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce a yankin manyan tafkunan Afirka, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 26,000 da 'yan kai ba, kuma ana yi mata laƙabi da ƙasar tuddai dubu saboda da wuya matafiyi ya yi nisa a cikinta bai hau tudu ko ya gangara kwari ba. A irin wannan ƙasa, inda mutum zai zaci keke ba zai yi kasuwa ba, hawansa ya zama sana'a da wasa da dalilin taruwar jama'a, har ta kai ga babban birninta, Kigali, ya karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a watan Satumba na 2025, wanda shi ne karo na farko da aka yi wannan gasa a nahiyar Afirka. Wannan takarda za ta bayyana matakan da aka bi kafin a kai ga haka, domin mai karatu ya gane inda ƙarfin al'amarin yake da kuma inda yake da rauni.

Tushen abin duka shi ne keken neman abinci. A garuruwa da ƙauyukan Ruwanda akwai dubban samari da ake kira abanyonzi da harshen Kinyarwanda, wato masu ɗaukar fasinja da kaya a keke don a biya su, kwatankwacin 'yan acaɓa ko 'yan kabu-kabu, sai dai su ƙafafunsu ne inji. Kekensu na baƙin ƙarfe ne mai nauyi, ba shi da giyar canjawa, an ƙarfafa masa kariya ta baya domin ta ɗauki buhunan dankalin Turawa ko ayaba ko gawayi ko garewanin madara, kuma idan tudu ya yi tsauri sai mai shi ya sauka ya tura. Wasu kan kama bayan babbar mota ta ja su zuwa sama, ɗabi'ar da ke jefa rai cikin haɗari, wadda kuma hukuma ke hani da ita. Saurayin da ya shekara biyar yana wannan aiki a ƙasar da babban birninta ke kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,500 daga gaɓar teku ya riga ya sami horon da ɗan tseren wata ƙasa ke kashe kuɗi ya nema, domin ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu yana sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, su ne kuwa ke kai iska ga tsoka. Abraham Ruhumuriza, wanda ya ci tseren zagaye ƙasar har sau biyar, daga wannan sana'a ya fito, haka ma Gasore Hategeka, wanda dakon dankali ya yi a arewa maso yammacin ƙasar kafin a ɗauke shi cikin tawagar ƙasa.

Tseren zagaye ƙasar, wanda ake kira Tour du Rwanda, an fara shi ne a 1988 a matsayin gasar cikin gida. Ya tsaya a shekarun yaƙi da kisan ƙare dangi na 1994, wanda a cikinsa aka hallaka kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari, akasarinsu 'yan Tutsi, kuma bai farfaɗo ba sai a farkon ƙarnin nan. A 2005 wani Ba'amurke maƙerin keke mai suna Tom Ritchey ya ziyarci ƙasar, ya ga manoma na dako da kekunan katako marasa feda, sai ya kafa wani shirin agaji mai suna Project Rwanda, wanda ya ƙera keke mai dogon baya don kai 'ya'yan gahawa wurin wanki, kasancewar idan suka daɗe bayan tsinka darajarsu faɗuwa take yi. Shirin ya kira gasar kekunan katako a 2006, inda aka haɗa da tseren kekunan ƙarfe, a nan ne kuma aka hango wani matashi ɗan garin Rwamagana mai suna Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa maza shida a kisan 1994. A 2007 aka kafa tawagar ƙasa ƙarƙashin horon Jonathan Boyer, Ba'amurken farko da ya shiga tseren zagaye Faransa, kuma shekara biyar bayan haka Niyonshuti ya riƙe tutar ƙasarsa a wasannin Olamfik na Landan.

Sai dai tawagar ƙasa tana ɗaukar wanda aka riga aka rena ne, renon kuwa aikin kulob ne, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata. Kulob ɗin keke ƙaramar ƙungiya ce ta gari ɗaya, mai shugabanni da mai horarwa da makaniki, wadda ke da rajista da hukumar tseren keke ta ƙasa, a Ruwanda ana kiranta FERWACY, ita kuma hukumar tana ƙarƙashin ƙungiyar duniya ta UCI mai hedikwata a Suwizalan. Benediction ta yankin Rubavu da Les Amis Sportifs ta Rwamagana na cikin waɗanda suka yi suna. Babban abin da kulob ke yi wa yaro shi ne aron keken tsere, wanda dokar UCI ta yarda nauyinsa ya sauka har kilo 6.8 amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan talaka nesa ba kusa ba, sannan ga taya da sarƙa da birki da ke cinyewa, ga hular kwano, ga abinci, ga kuɗin motar zuwa gasa. Bayan haka sai koyon dabara, domin ƙarfi shi kaɗai ba ya cin tsere. Mahayin da ya laɓe bayan wani a cikin ayari, wato dunƙulen 'yan tsere masu tafiya tare, yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska, saboda haka ake karɓa-karɓa wajen jan gaba, kuma a kowace tawaga akwai masu hidima waɗanda aikinsu shi ne su kare jagoransu daga iska, su kawo masa ruwa, su ba shi kekensu idan nasa ya yi faci. Ɗan dako ya saba tafiya shi kaɗai yana gaggawar neman fasinja na gaba, don haka haƙurin jiran lokacin kai farmaki, da iya shan kwana a gangare a tsakiyar mutum ɗari, sai a tseren ƙarshen mako tsakanin kulob da kulob yake koyonsu.

Amfanin wannan reno ya fito fili bayan da Tour du Rwanda ya shiga jadawalin UCI a 2009. Tsere ne na zango-zango, ma'ana kowace rana da tata tafiyar daga gari zuwa gari, ana tara lokacin kowa, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa riga ruwan ɗorawa. Baƙi ne suka ci shekaru biyar na farko, sannan daga 2014 zuwa 2018 'yan gida suka riƙe kambin a jere: Valens Ndayisenga sau biyu, da Jean Bosco Nsengimana, da Joseph Areruya, da Samuel Mugisha. Areruya ya ƙara da cin tseren La Tropicale Amissa Bongo na Gabon a 2018. A waɗannan shekaru ne hotunan wani tudu mai daɓen duwatsu da ake kira Bangon Kigali suka zagaya duniya, jama'a sun cika gefen hanya da saman gidaje, babu wanda ya biya ko sisi, kasancewar tseren keke shi ke zuwa ƙofar gidan ɗan kallo. Mata ma sun shigo, ko da yake da ƙarancin tallafi, inda Jeanne d'Arc Girubuntu ta wakilci ƙasar a gasar duniya ta 2015.

Akwai kuma hawan keke na neman taimako, wanda tsarinsa ya sha bamban da na tsere, domin babu wanda ake neman ya riga wani. Mahaya kan biya kuɗin shiga, ko su nemi 'yan'uwa da abokai su yi alkawarin bayar da wani abu idan sun kammala tafiyar, abin da aka tara kuma a miƙa shi ga aikin da aka ambata tun farko. Wani hawa na mil 50 da aka riƙa yi duk shekara a kudancin Kalifoniya ya tallafa wa shirin Project Rwanda ta wannan hanya. Taimako irin wannan yana da kyau, amma yana da sharaɗi da masu bayarwa kan manta: keken da aka aiko daga waje ba tare da kayan gyara da makanikin da ya san shi ba, wata shida ya ishe shi ya koma jingine a bango. Shi ya sa abin da ya bi ta hannun kulob ko makaranta, kamar wadda Niyonshuti ya buɗe a garinsu don horar da yara, ya fi ɗorewa a kan abin da aka raba a bainar jama'a aka ɗauki hoto aka watse.

Birnin Kigali ya ƙara wani abu tun 2016, wato ranar hutun mota, inda sau biyu a wata ake rufe wasu manyan tituna da safiyar Lahadi, jama'a su fito da keke ko da ƙafa, ma'aikatan lafiya kuma su auna hawan jini da sukari kyauta.

Rauni ya bayyana ne a 2019, lokacin da aka ɗaga darajar Tour du Rwanda zuwa mataki na gaba, abin da ya buɗe ƙofa ga ƙwararrun tawagogin Turai. Daga wannan shekara zuwa 2025 babu ɗan Ruwanda da ya sake ci, yayin da 'yan Eritiriya, ƙasar da kulob-kulob ɗinta suka yi saiwa tun zamanin mulkin Italiya, suka ci sau huɗu ta hannun Merhawi Kudus da Natnael Tesfatsion da Henok Mulubrhan. Dalilin a bayyane yake, domin ana iya ɗaga darajar gasa da sa hannu a takarda cikin yini guda, amma ɗan tsere sai ya shekara bakwai ko takwas yana karawa da na gaba da shi kafin ya nuna, kuma kulob ɗin da ba shi da kuɗin taya ba zai iya kai yaro Turai ya yi wannan karawa ba. Gasar duniya ta 21 zuwa 28 ga Satumba 2025, wadda aka yi duk da kiran da majalisar Tarayyar Turai ta yi na a soke ta saboda rikicin gabashin Kwango, ta ƙara fito da tazarar. An tsara ta yadda ya kamata, jama'a sun yi dafifi, amma a tseren manyan maza mai tsawon kilomita 267.5, wanda hawan da ke cikinsa ya haura mita 5,000 idan aka tara, mahaya 30 kacal suka kai ƙarshe daga cikin fiye da 160 da suka tashi. Tadej Pogačar na Sulobeniya ne ya zo na ɗaya, ɗan Afirka guda da ya kammala kuwa shi ne Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya, wanda ya shigo na talatin.