Wane akwatin rediyo za mu saya?

Ƴan uwa na jihar Agadas, kafin ku kai kuɗinku kasuwa, ku yi tunani.

Rediyon tauraron ɗan adam yana da murya garau. Kamfanin WorldSpace ya harba tauraronsa a 1998. A 2008 ya karye, masu akwatinsa suka yi asara. Yau mai son sauraro ta tauraro sai da faranti da wutar lantarki.

Ƙaramin akwati kuwa, pil ya ishe shi. Makiyayi yana rataya shi ga raƙumi. Amma FM ba ya nisa da gari. Mai tafiya Bilma ya nemi mai alamar SW, wato gajeren zango. A kunna shi gaban mai kanti kafin a biya.

Tambaya: wace alama matafiyi zai duba?