Baƙo Daga Sama: Nazari Kan Ƙagaggun Labaran Kimiyya Uku

Gabatarwa

Sau da yawa idan na ambaci ƙagaggun labaran kimiyya a gaban 'yan uwana ɗalibai, sai su ce ai tatsuniya ce ta yara. Manufar wannan ɗan taƙaitaccen nazari ita ce in nuna cewa lamarin ya wuce nan, ta hanyar duba littattafai uku da na fi ƙauna. Dukkansu jigonsu guda ne, wato haɗuwar ɗan'adam da baƙo daga wata duniya.

Ma'ana

Ƙagaggen labarin kimiyya labari ne da aka gina kan abin da bai faru ba, amma ilimin kimiyya ke nuna yana iya faruwa. A nan ya bambanta da tatsuniya. Gizo da tsafi ko wayo yake tafiya, shi kuwa tauraron irin wannan labari da kumbo ko wata na'ura yake tafiya.

Littattafan

Na farko shi ne The War of the Worlds na H. G. Wells, wanda ya fito a 1898. Wasu halittu daga duniyar Mas suka mamaye Ingila da makaman da suka fi ƙarfin sojojinta, har sai da ƙwayoyin cuta suka hallaka su. Abin lura shi ne, a lokacin Ingila ce ke mamaye ƙasashen wasu. Shekara biyar bayan haka, a 1903, Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Wato marubucin ya ɗanɗana wa mutanensa irin abin da suke yi wa wasu.

Na biyu shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara taka wata. A nan baƙon, Kolin Koliyo, ba mahari ba ne. Yaro Kilba ya ɗauka ya kai shi yawon buɗe ido a sararin samaniya. Littafin ya tabbatar mini cewa Hausa na da ƙarfin ɗaukar zancen taurari.

Na uku shi ne Lagoon na Nnedi Okorafor (2014). Baƙin sun sauka ne a tekun Legas, sai kowa ya nuna halinsa: mai tsoro, mai kwaɗayi da mai neman gyara.

Kammalawa

Abin da ke jan hankalina a littattafan nan shi ne, baƙon madubi ne kawai. Ta yadda muka karɓe shi ake gane ko mu su wane ne. Saboda haka ina kira ga ɗaliban harshe da su ɗauki wannan fanni da muhimmanci wajen zaɓen batun kundin digiri, musamman ta fuskar jigo da ƙirƙirar sababbin kalmomi. In ba mu nazarci aikin Dembo ba, wa zai ɗora a kansa?