Mai Ciki Da Maganin Kasuwa

Ya kai maigida, wannan magana da kai ake, domin yawanci kai ne ake aika kemis idan uwargida ta ce bayanta na ciwo. Ka sani abin da mai ciki ta haɗiya yakan shiga jininta, ya bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan da ke ciki. A wata uku na farko ake halittar zuciyarsa da hannuwa da ƙafafu, a nan ne haɗari ya fi yawa.

An taɓa gani. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da wata ƙwayar barci a Jamus, sunanta Thalidomide, ba sai da takardar likita ba. Masu ciki suka yi ta sha saboda laulayi. Aka haifi yara fiye da 10,000 a ƙasashe dabam-dabam da dungulmin hannu ko ƙafa.

A nan ƙasarmu abin da ya fi damunmu shi ne haɗi, watau mai kemis ko mai talla a kasuwa ya ɓallo ƙwayoyi huɗu ko biyar, ya ƙunshe a takarda, ba suna, ba kwali. Ko mu ma'aikatan asibiti ba kullum muke gane su ba, balle kai. A cikinsu akan sami Ibuprofen ko Diclofenac. Waɗannan, in ciki ya kai wata biyar, suna iya taɓa ƙodar yaro, su rage ruwan da yake kwance a ciki. Aspirin kuwa takan jawo zubar jini, sai fa 'yar kaɗan wadda likita ya rubuta. Akan sami kafso ja da rawaya, watau Tetracycline, mai ɓata haƙoran yaro tun ba su fito ba. Jiƙe-jiƙe da tsime-tsime su ma magani ne, ba kuwa wanda ya auna ƙarfinsu.

To, me za ta sha? In ciwon kai ne ko na baya, Paracetamol ta fi sauran aminci: ƙwaya 2, kada ta wuce 8 a yini da kwana, kada kuma ta zarce kwana 2 ba ta ga ma'aikaci ba. Amma zazzaɓi ba na jira ba ne. Zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin mai ciki, yana sa ɓari. A kai ta a gwada jininta a ranar.

Lalle ka bar ta ta je awo, a babban asibitin Kazaure ko na Babura, ko asibitin da ya fi kusa a ƙasar Roni da Gwiwa. Can za a ba ta ƙwayar ƙarin jini, da Fansidar ta rigakafi sau ɗaya a wata tun daga wata na huɗu. In akwai maganin da take sha tun kafin cikin, kamar na hawan jini ko farfaɗiya, kada ta daina don kanta. Ta tafi da shi cikin kwalinsa ta nuna wa ungozomar asibiti.