Yadda Tarwaɗa Ke Hayayyafa

Kowa ya san tarwaɗa a cikin miya, amma ba kowa ya san yadda ta ke hayayyafa ba. To, ka saurara ka ji, domin sanin nan yana da amfani ga masunci da mai saye baki ɗaya.

Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bungudu, ya yi yamma. Da rani ruwansa ya kan janye, sai rairayi da 'yan gurabe nan da can. A cikin guraben nan tarwaɗa ke fakewa, haka kuma a tabkunan ƙasar Tsafe. Tana jure ƙarancin ruwa, gama Allah ya yi mata wani abu a bayan kai wanda ta ke shaƙar iska da shi. A wannan lokaci ba ta yin ƙwai a waje, sai ta jira.

Da bazara, sa'ad da zafi ya tsananta, ƙwai ya fara girma a cikin macen. In damina ta kankama, wajen watan Yuni da Yuli, gulbi ya kawo, ruwa ya malala cikin fadama, sai tarwaɗa su taso garke garke, su bi sabon ruwa zuwa inda ciyawa ta nutse. Da dare su ke wannan aiki. Namiji ya kan naɗe jikinsa a kan mace, ita ta zuba ƙwai, shi kuwa ya zuba ruwansa, fari kamar madara. Sa'an nan ta kaɗa wutsiya, ƙwai ya watsu, ya manne wa ciyawa.

Babbar mace guda ta kan ɗauki ƙwai fiye da dubu 30. In ruwa da ɗumi, kwana ɗaya ko biyu sai su ƙyanƙyashe. Amma tarwaɗa ba ta reno. Karfasa ta kan ɗauki ƙwanta a baki har 'ya'ya su yi wayo. Tarwaɗa kuwa da ta zuba sai ta yi tafiyarta. Saboda haka ƙwari da tsuntsaye da manyan kifaye su kan cinye mafi yawansu, har 'ya'yan ma su kan ci junansu. Kaɗan ne ke tsira, su kuwa sai sun yi wajen shekara kafin su ma su haihu.

Ka ga ke nan, wanda ya tare tarwaɗa a bakin fadama da farkon damina, ya kama mai ciki, ba kifi ɗaya ya kashe ba. Kamawa a lokacin nan ba wuya, gama ruwa ba zurfi, har da sanda a ke bugunsu. Amma manomin kirki ba ya cin irinsa. Mutanen Argungu sun gane wannan, shi ya sa su ke hana su a Matan Fada sai ranar buki.

Don haka ka yi haƙuri har kaka, sa'ad da ruwa ya fara janyewa. Kada ka sa taru mai ƙananan idanu, kada kuma ka zuba guba a ruwa.

Tambayoyi

1. A wane lokaci tarwaɗa ke zuba ƙwai?
2. Mene ne bambancinta da karfasa wajen reno?
3. Don me ba a so a kama mai ciki?