A Mazubin Wa Ake Zuba Ka?

Karatu: Romawa 12:1-2, 18, 8:29

Idan kana karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci, ka sha cin karo da kalmar "conform" a Romawa 12:2. Yau bari mu tsaya a kanta.

Ma'anarta ita ce mutum ya bi tsarin waɗanda yake cikinsu, ya yi yadda suke yi don kada ya fita dabam. Yawanci "to" ke biye da ita, kamar in ana maganar ɗalibi ya bi dokar makaranta. Asalinta daga Latin ne, "conformare": "con" yana nufin tare, "forma" kuma siffa. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14. Ka dubi masu buga bulo a Kawo ko Mando. Yashi da siminti ba su da siffar kansu, sai wadda mazubi ya ba su. Hoton kalmar ke nan.

A Ingila kalmar ta taɓa raba mutane da abincinsu. A 1662 aka kafa doka cewa dole kowane limamin coci ya bi littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila. Kusan 2,000 suka ƙi, aka kore su. Irinsu ake kira "Nonconformists", wato waɗanda suka ƙi shiga mazubi. John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford domin ya ƙi daina wa'azi.

Fassarar King James ta 1611 ta yi amfani da kalmar a wurare biyu cikin Romawa. A 12:2 Manzo Bulus ya gargaɗe mu kada zamanin nan ya siffanta mu. A 8:29 kuwa ya nuna nufin Allah ne mu ɗauki kamannin Ɗansa. Ashe kowa ana zuba shi a wani mazubi. Abin tambaya, na wa?

Tun rikicin 2000, 'yan'uwa da yawa sun ƙetare kogi zuwa kudancin gari. Kai da ka zauna a Malali ko Unguwar Rimi, kada ka ɗauka ayar nan ta hana ka cuɗanya da maƙwabtanka Musulmi. Ka gaishe su, ka je ta'aziyya, ka aika musu abincin Kirsimeti. Aya ta 18 ta umarce ka da zaman lafiya da kowa.

Mazubin duniya yana wurin da ake ce maka, "Ai kowa ma haka yake yi." Ka sa hannu a rasiɗin ƙarya a ofis. Ka rage mudu a kasuwa. Ka sa baki cikin hirar ƙiyayya, ko da 'yan cocinku ne suke yi. A nan ne za ka ƙi, ko da za a ware ka.

Addu'a: Ya Uba, ka sabunta hankalina ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Ka ba ni ƙarfin hali in ƙi mazubin zamanin nan, ka siffanta ni da kamannin Ɗanka. Cikin sunan Yesu, Amin.