Tsafin Turawa da Ikon Yesu Almasihu

Karatu: Ayyukan Manzanni 19:11-20

Ya mai karatu, ko ka san a ƙasar Turawa ma akwai masu tsafi? Yau samarinmu suna ganinsu a wayar salula, har waɗansu suna cewa, "In Bature mai ilimi yana tsafi, me zai hana mu zuwa wurin boka?" Bari mu duba wannan magana tare.

Mene ne Wika?

A shekara ta 1951 aka soke tsohuwar dokar da ta hana sihiri a Ingila. A 1954 wani mutum mai suna Gerald Gardner ya buga littafi, ya bayyana wannan addini a fili. Daga baya ya ƙetare teku zuwa Amurka. Masu binsa suna yi wa allah namiji da allahiya mace sujada. Suna girmama wata da rana da ƙasa, suna da idi takwas a shekara. In suna neman lafiya, ko arziki, ko ƙaunar wani, sai su zana da'ira, su kunna kyandir, su ƙona ganyaye, su faɗi waɗansu kalmomi.

Kada mu yi musu ƙarya. Ba mayu ba ne masu kama kurwa. Sun ce ba su bauta wa Shaiɗan, sun kuma hana juna cutar mutum. Duk da haka hanyarsu ba ta Allah ba ce.

Ina kuskuren yake?

Na fari, suna bauta wa halitta, sun bar Mahalicci. Wata ba ya jin addu'a. Allah ne ya rataye shi a sama domin ya haskaka dare.

Na biyu, mai tsafi yana so iko ya zama a hannunsa. Yana tsammani in ya haɗa magani daidai, dole buƙatarsa ta biya. Mai addu'a kuwa ɗa ne a gaban Ubansa, yana roƙo, yana jiran nufinsa. Kyandir na Bature, da layar boka, da baƙin bunsuru na 'yan bori, tushensu ɗaya ne. A Maimaitawar Shari'a sura 18 Allah ya hana jama'arsa duba da sihiri.

Mutanen Afisa

Sa'ad da masu sihiri na Afisa suka ba da gaskiya, ba su ɓoye littattafansu don wata rana ba. Suka tara su, suka ƙone a gaban jama'a, ko da yake kuɗinsu ya kai azurfa 50,000.

Kai fa, ɗan'uwa? Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko ruwa ya ɗauke hatsi yana bushewa, ina kake nufa? Akwai laya a wuyan ɗanka, ko ƙaho binne a gonarka? Fito da su. Kira fasto da dattawan ikilisiya su yi addu'a tare da kai, ka kai yaron gidan likita. Yesu ya mutu, ya tashi, ya fi ƙarfin kowane iska.

Tambayoyi

1. Ina bambancin tsafi da addu'a?
2. Me ya sa mutanen Afisa ba su sayar da littattafansu ba?

Addu'a

Ya Uba, ka gafarta mana dogara ga abin da ba kai ba. Ka tsare gidanmu, ka kawar mana da tsoro. Cikin sunan Yesu, Amin.